Fayil Ɗin da Ya Fita Babu Kati

Litinin, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Yau aka gano fayil mai lamba 47 ba ya wurinsa. Sakataren majalisa ne ya aiko Baba Masinja ya ɗauko masa, zai fara jera ƙudirorin da za a yi wa karatu na uku. Baba ya tsaya gaban kanta yana shafa gurbin da ke tsakanin 46 da 48, can ya juyo ya ce, "Anti, babu fayil, babu kati."

Shekara talatin da ɗaya ina aiki a rajistar majalisar birnin nan, ba a taɓa faɗin wannan maganar a gabana ba. Ƙa'idarmu ce tun kafin in zo, duk wanda ya zare fayil daga kanta sai ya soka katin fita a gurbinsa, da sunansa da ranar da ya ɗauka. Ko Shugaban majalisa ne kuwa. Na taya su nema. Har ƙarƙashin tebur na leƙa, gwiwata tana ƙara.

Saura kwana goma sha bakwai majalisar nan ta yi zamanta na ƙarshe kafin wa'adinta ya cika. Duk ƙudirin da bai tsallake karatu na uku ba zuwa ranar, ya mutu ke nan, sai in sabbin kansiloli sun ga dama su faro shi daga tushe. Shi 47 ƙudiri ne na hana manyan motoci bi ta gaban firamaren unguwarmu ne a lokacin shiga da lokacin tashi. Shekara shida yana tafe.

Abincina na rana yana nan a jaka yadda na zo da shi.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Mai kula da kwamfutarmu, wadda muke kira Danna-nan saboda ba ta da wata magana sai "Anti, danna nan kawai", ta juyo mini da allon ta ce in duba da idona. An rubuta 47 yana rajista, yana jiran karatu na uku. Na ce mata to ki danna nan ya fito mana. Ta yi dariya, ni ban yi ba.

Babban littafina ma haka ya ce. Har yanzu ina cika shi, ko da yake tun farkon shekara aka ce in daina. Kowane ƙudiri da layinsa, kowane mataki da gidansa: karatu na ɗaya, kwamiti, jin ra'ayin jama'a, karatu na biyu, lauya, karatu na uku, sa hannun Shugaba. In ka buɗe shi za ka ga wanda ya yi gudu da wanda ya shekara a kwamiti yana barci. Layin 47 duk ya cika, gida biyu na ƙarshe ne kaɗai babu komai.

Malam Janbiro ne ya koya mini wannan littafin, Allah ya ji ƙansa. Shi ne shugaban rajista lokacin da na zo ina yarinya. Jan biro uku yake sawa a aljihun gaba, kuma kowace takarda ta shiga fayil sai ya ba ta lamba da ja a kusurwar dama kafin a zura mata igiya. Ranar da na tsallake lamba ɗaya, daga 18 na faɗa 20, sai da ya sa na kwance fayil ɗin gaba ɗaya na sake. Ina kuka yana shan shayinsa. Yakan ce fayil ba ya ɓata, sai dai ya kwana inda ba a rubuta ba. A lokacin ofishin nan ƙamshin takarda da man goge kanta yake yi, fanka ɗaya ce, kuma muna jin ƙarar tafireta har bakin titi. Wallahi ina kewar wannan ƙarar.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ba a gani ba. Na ce su duba ofishin lauya, alhali na san ba ya can.

Alhamis, bayan la'asar

Na dawo da wuri. Gidan shiru, kujerar maigidana Hedimasta tana nan inda take a bakin taga, har yanzu ban iya matsar da ita in share ƙarƙashinta ba.

Da wasiƙar Hedimasta aka buɗe 47. Ita ce shafi na ɗaya. Lokacin saura shekara biyu ya yi ritaya daga firamaren, wata babbar mota ta kwashe katangar gaba ana saura minti goma a tashi yara. Ya zauna a kujerar nan ya rubuta ƙorafi da koriyar tawadarsa. Na miƙa hannu na ce ya ba ni in tafi masa da ita, tunda teburina za ta. Ya ƙi. Ya ce, "A gida ke matata ce, a can ke hukuma ce."

Washegari sai ga shi a layi, na bakwai, da hularsa da lema a hammata. Da ya iso taga ya gaishe ni kamar bai taɓa ganina ba, mutumin da na soya wa ƙwai da safe. Na buga hatimi, na ba shi rasit, ya ce ya gode wa hukuma. 'Yan ofis suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Haka ya yi ta yi shekara shida, duk lokacin da ƙudirin ya maƙale sai ya rubuto tuni ya zo ya bi layi. Wasiƙa goma sha ɗaya.

Yau ban buɗe akwatin tufafinsa ba. To, na buɗe, amma ban kwance igiyar ba.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Saura kwana goma sha uku. An kwashe kanta uku an mayar, ƙura ta sa kowa atishawa.

Abin haushi, ni da hannuna na bi ƙudiri mai lamba 52 gida-gida har ya zama doka, ban tsaya na karanta cikinsa ba. Aikina in san inda takarda take, ba abin da ta ce ba. Sai makonni biyar da suka wuce sanarwa ta zagayo, wai bisa 52, duk fayil ɗin da Shugaba ya sa wa hannu za a ɗauki hoton kowane shafinsa a zuba a kwamfuta, takardun kuma a ba injin da ke yayyanka su. Wai babu wurin ajiya. Na karanta sau uku. Ranar ni ce ta ƙarshe da ta fita daga ofis, kuma jakata ta yi nauyi.

Asabar, da hantsi

Auta ta zo da yaranta. Ta ce na rame, na ce aiki ne. Ta shiga ɗaki za ta shanya tufafin babanta kada su yi warin ajiya, na daka mata tsawa har ƙaraminta ya fashe da kuka. Ban taɓa yi mata irin wannan ba. Ta tsaya tana kallona, sannan ta ja ƙofar a hankali ta ce, "Mama, me ke cikin akwatin?"

Na ce tufafi. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Kansilan unguwarmu, wanda ya ɗauki nauyin ƙudirin, ya zo yana kumfar baki. Ya ce a buga sabon kwafi daga kwamfuta a wuce wurin. Sakatare ya zaunar da shi ya yi masa bayani dalla-dalla. Kwamfuta matakin da ƙudiri yake kawai ta sani. Rahoton kwamiti mai sa hannun mutum bakwai, da sunayen waɗanda suka zo jin ra'ayi, da amincewar lauya, duk suna cikin fayil, kuma shi ba zai kai ƙudiri zauren majalisa ba sai ya ƙirga shafukansa da hannunsa. In za a sake haɗawa, sai an sake kiran jama'a, sanarwar kiran kaɗai kwana ashirin da ɗaya take ci. Saura goma. Kuma ranar Talata ta mako mai zuwa, da ƙarfe sha biyu, zai rufe jerin aikin zaman ƙarshe.

Kansila ya juyo gare ni, muryarsa ta sauka. Ya ce ya san ni abin ya fi yi wa ciwo, in yi haƙuri, duk wanda ya yi wannan aika-aikar Allah zai tona shi. Na ce amin.

Talata, ƙarfe uku na yamma

An ba Danna-nan takardar tuhuma. Da aka zazzage akwatin tsofaffin katuna, katin ƙarshe na 47 da sunanta ne, tun wata biyu da ta ɗauka za ta shigar da shi kwamfuta. Ta dawo da shi, ni na gani da idona, amma ba ta sa hannu a gefen dawowa ba, don kullum cewa take kati aikin mutanen da ne. An ba ta mako ɗaya ta yi bayani.

Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta shiga bayi ta daɗe, ta fito ido jawur ta ci gaba da aiki. 'Ya'yanta uku, mijinta ba ya gari. Da za ta tafi ta ce, "Anti, ke kin san na dawo da shi, ko?"

Na ce na sani. Ta ce to in faɗa musu mana. Na ce zan faɗa.

Laraba, ƙarfe biyu da kwata

Na ce kaina yana ciwo na fito. Ban san abin da ya bi da ni ta gaban makarantar ba, ba hanyata ba ce. Daidai an tashi. Malamai biyu sun riƙe wata doguwar igiya, yara sun kama ta a jere suna jiran a tsallaka da su. Dabarar Hedimasta ce, har igiyar ma ina jin ita ce dai wadda ya saya. Wata mota mai ɗaukar yashi ta wuce, ƙasa tana rawa, iskarta ta ɗaga wa wata ƙaramar yarinya ɗankwali. Yarinyar ta saki igiya za ta bi shi, malamar ta fizgo ta da wuyan riga.

Sabuwar shugabar makarantar ta hango ni ta tsallako. Ta riƙe hannuna da nata biyu, ta ce sun ji an kusa, suna ta addu'a, har sun ce ranar da aka sa hannu za su rataye igiyar a ofis don tunawa da shi. Ban san me na ce mata ba.

Alhamis, bayan la'asar

Na kwance igiyar fayil ɗin yau. Bari in rubuta shi ƙarara tunda littafin nan nawa ne, ba mai gani. Yana wurina. Yana ƙarƙashin rigunansa makonni shida ke nan.

Niyyata in zare wasiƙun sha ɗaya in mayar da sauran, kowa ya huta. Amma kowace da lambarta da ja a kusurwa, da rubutuna. Shafi na 1, na 9, na 23, har zuwa 112. Sakatare zai ƙirga, fayil mai giɓi kuwa ba ya shiga zaure. Na yi tunanin in yi hotonsu in sa hoton a madadinsu, sai na tuna jan zai fito baƙi, hatimin ma haka. Ko da ba zai fito ba, hannun da Malam Janbiro ya horar ba zai iya ba. Na ɗauki wasiƙar farko sau biyu ina mayarwa.

Na san abin da Auta za ta ce, in riƙe hoton in ba su na ainihin, ai rubutun ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Hedimasta danna alƙalami yake yi kamar yana faɗa da takardar. In ka juya bayanta ka shafa, za ka ji kowane harafi ya taso. Hoto ba ya da wannan. Bai bar mini wani rubutu ba, mutumin da ko katin gaisuwa bai taɓa ba ni ba, wai me zai rubuta wa wadda yake gani kullum. Duk abin da ya rubuta da hannunsa, hukuma ya rubuta wa.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Na iso na tarar da katin fita sabo fil a kan teburina, babu komai a jikinsa. Baba Masinja yana goge kanta, bai juyo ba. Mun yi shekara ashirin da shida tare da shi, shi yake kulle ofis bayan na fita. Ya ce, kamar da kantar yake magana, "Katunan nan suna da yawa, Anti. Ban taɓa ganin sun ƙare ba."

Na sa katin a durowa. Ban iya haɗa ido da shi ba har aka tashi.

Asabar

Saura biyar.

Lahadi, da hantsi

Na karanta su duka a kujerarsa. Ta uku ta ba ni dariya, inda ya ce ƙudirin ya fi wata takwas a kwamiti, yana tambaya ko kwamitin yana da rai, in ya rasu a sanar da shi ya je gaisuwa. Na tuna ranar da na buga mata hatimi ina cije leɓe.

Ta ƙarshe ce ban taɓa iya karantawa har ƙasa ba. Ita kaɗai ce bai bi layi da ita ba. Yana kwance ya miƙo mini, ya ce yau kam hukuma ta taimaka ta karɓa a gida. Rubutun ya karkace, bayanta kuma sumul, babu abin da ya taso. Layi huɗu ce. Ya gode wa majalisa da aka kai karatu na biyu. Sannan ya ce, "Ina roƙon a sanar da ni a rubuce ranar da aka sa hannu, ko ina nan ko ba na nan. Adireshin bai canja ba."

Shekara shida yana bin layi don takardar nan ta yi gaba, ni kuma na kawo ta gida na danne da rigunansa. Da yana nan da ya rubuta ƙorafi a kaina, da koriyar tawada, ya kuma bi layi ya miƙa mini.

Litinin, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Na sa shi a jaka. Na kai bakin ƙofa na dawo da shi.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Na kai shi.

Kafin in shiga wurin Sakatare sai da na ciro katin nan daga durowa na cika shi. Sunana, da ainihin ranar da na ɗauka, da ta yau a gefen dawowa. Na ɗora shi a kan fayil na ajiye a gabansa, ƙarfe tara da minti goma. Ya dubi katin ya daɗe. Bai tambaye ni dalili ba, ya buɗe shafi na ɗaya ya ga koriyar tawada, ya cire tabarau ya goge. Sannan ya lashi yatsa ya ƙirga, ɗaya har ɗari da talatin da huɗu, ina tsaye. Babu giɓi. Ya rubuta 47 a jerin ranar Alhamis.

Ya ce dole takardar tuhuma ta dawo kaina. Na ce haka ya kamata. Na roƙe shi abu ɗaya, in an gama ɗaukar hoton a ba ni wasiƙun. Ya ce, "Anti, takardar da ta shiga fayil ta zama ta majalisa. Ke kika koya mini." Haka ne, ni na koya masa, yana sabon zuwa.

Na je teburin Danna-nan na faɗa mata da bakina, a gaban kowa. Na ce ta yafe mini mako gudan da na bar ta a ciki. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce mako guda ba ta iya cin abinci. Ta juya ga allonta. Tana da gaskiya, kuma ya fi mini ciwo fiye da takardar tuhumar.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Minti huɗu. Na duba agogo. Sakatare ya karanta taken ƙudirin, Shugaba ya tambayi masu goyon baya, hannuwa suka tashi, ya buga guduma, aka wuce zuwa 48. Wani kansila ma waya yake dubawa da ɗaya hannun. Shekara shida, minti huɗu.

Na sauko na cika gidan karatu na uku a littafina.

Juma'a, ƙarfe sha biyu na rana

Shugaba ya sa hannu da safe. Layin 47 ya cika har ƙarshe, na ja masa jan layi a ƙasa yadda Malam Janbiro yake yi.

Danna-nan ce take ɗaukar hoton shafukan. Da ta zo kan fayil ɗin ta kira ni, karo na farko tun Talata. Ta ce injin ɗaukar hoton yana haɗiye tsofaffin takardu, gara a riƙa sa su ɗaya-ɗaya da hannu, ita kuma hannunta ya gaji. Injin lafiyarsa ƙalau, jiya na ga ya cinye fayil uku bai tsaya ba. Na zauna na sa su da kaina. Kowace sai na shafa bayanta kafin in ɗora, ita kuma tana kallon allo, ba ta ce in yi sauri ba. Da muka gama na ɗaure igiyar, na sa shi a kwandon da za a kai wa ɗaya injin ranar Litinin. Na nemi hutun Litinin.

Aiki ɗaya ya rage. Ƙa'ida ce, in ƙudiri ya zama doka, rajista takan rubuta wa wanda ya fara kawo ƙorafi ta sanar da shi. Sakatare ya ce a wannan karon a bar shi. Na ce shafi na 112 ya nema a rubuce. Na buga, ya sa hannu, na sa a ambulan. Baba Masinja ya ce in tafi da ita mana tunda gidana za ta. Na ce a'a, a can ni matarsa ce.

Juma'a, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Baba ya zo a kan kekensa, ya yi sallama a ƙofa kamar bai san gidan ba. Ya tambaya ko nan ne gidan Hedimasta. Na ce nan ne, amma ya rasu wata biyar ke nan. Yau ne na fara faɗinta da bakina. Baba ya ce Allah ya ji ƙansa, ya buɗe littafin kai saƙo ya nuna mini inda zan sa hannu. A gidan da aka rubuta dangantaka da mai wasiƙa, na rubuta matarsa.

Na zauna a gefen kujerarsa na buɗe, na karanta masa da ƙarfi tun daga lambar wasiƙa har sa hannun Sakatare, ban tsallake komai ba. Daga ranar ɗaya ga wata, babbar mota ba za ta ƙara bi ta gaban makarantar ba a lokacin shiga da lokacin tashi. Majalisa tana godiya da haƙurinsa.

Na ba ta lamba ɗaya da ja a kusurwar dama, na sa ta ƙarƙashin rigunansa, inda fayil ɗin ya bar gurbi.